Amsa Huɗu da Ɗakina

Litinin, ƙarfe goma na safe

Rubuta, 'yar nan. Yadda na faɗa za ki rubuta, kar ki gyara mini baki. Matar ɗana ce ke riƙe da biro. Ni ban taɓa shiga aji ba, wanki da guga na yi shekara arba'in. Likita ce ta ce a sayo littafi a riƙa rubuta mini ranakuna, me na yi, me na ci, wa na gani, wai za ta duba. To ga shi. Na sha shayi. Na ga matar ɗana.

Ranar Alhamis suka kai ni asibiti saboda abin nan na ranar Asabar. Ba na son zancensa. Likitar yarinya ce, jikata ce a haife. Ta duba ido, ta duba harshe, ta ɗaure mini hannu da abin nan mai kumbura. Sai ta ce, "Mama, zan karanta miki ɗan labari, in yi miki tambaya, in ba ki amsa huɗu, ki zaɓi ɗaya." Na ce to. Na ɗauka hira ce.

Labari biyar, tambaya biyar. Ɗaya na ci. Ɗana yana gefe, ya zuba wa ƙasa ido kamar ya yar da wani abu.

Ta ce in dawo bayan sati uku a sake, tunda ranar da zazzaɓi a jikina. In na ƙara faɗuwa za ta rubuta takarda cewa bai kamata in zauna ni kaɗai ba, ɗana kuma ya kwashe ni zuwa gidansa. Shekara talatin da ɗaya ina cikin ɗakin nan. A kan gadon nan ubansa ya cika.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in ta san amsar, me ya sa ta haɗo ta da ƙarya uku? Mutum ya zo asibiti a yi masa ƙarya?

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Ki ƙara da cewa lafiyata ƙalau.

Talata, da hantsi. Saura kwana goma sha shida

Yau Malama ce ke rubutu. Maƙwabciyata ce, ƙofa na kallon ƙofa. Ta koyar da yara shekara talatin kafin ta ajiye aiki. Ta ce in tuno mata labari ko ɗaya ne cikin na likita. Na tuna na mai shanya.

Wai wata mata ta shanya jan zani a igiyar da ta aro, rana ta take. Can mai igiya ta zo tana son abarta. Matar ta kwashe shanya. Tambaya, me ya sa ta kwashe? Ko hadari ya taso, ko kayan sun bushe, ko mai igiya na son igiya, ko rana za ta koɗar da zanin.

Malama ta ce, "Wace kika ɗauka, Yaya?"

Na ce rana mana. Wace mai hankali ce za ta bar jan zani a tsakar rana?

Ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta ce, "Gaskiya kika faɗa, amma gaskiyar gidanki ce. Labarin bai faɗi haka ba. Mai igiya ya faɗa."

Na ce to ita matar ba ta san aikinta ba ne?

Ta ce, "Babu wata mata, Yaya. Takarda ce."

Na ce babu ita? To wa aka ba aron igiya?

Ta yi dariya har da tari. Ni ban ga abin dariya ba. Ta ce masu tsara irin tambayar nan da gangan suke ɗana tarko, su sa amsa mai daɗin ji kusa da ta gaskiya, su ga wanda ya saurari labarin da wanda ya saurari kansa. Ta ce ita ma ta sha ɗana wa yara. Na ce ke ma? Ta ce ita ma. Na ce Allah ya yafe miki.

Ta ce za ta koya mini. Ban san ko kan tsohuwa na ɗaukar sabon kaya ba.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Malama ta zo da tsofaffin littattafan yaranta, duk sun yi ƙura. Ta ce kowace amsa da harafinta, na ce ni harafi duk tsutsa ne a idona. Sai ta ɗauko cokulana huɗu ta jera a kan tabarma. Kowane cokali amsa ɗaya. Ta ce kar in fara da neman ta gaskiya, in fara da korar na ƙarya. Wanda na kora in kife shi. Wanda ya rage shi ne.

Ta karanta na wani direba da ya tsaya ya ɗauki mai naƙuda ya kai ta asibiti, har ya makara wurin aiki. Cokali na biyu wai ya makara ne don ya je asibiti a duba shi. Ina jin asibiti na ce wannan ce, ai na ji an ce asibiti.

Ta ce, "An ce asibiti, amma wa aka kai?"

Na ce mai naƙuda.

Ta ce wannan irin amsar aron kayan labari take yi ta sa, ki ga kamar 'yar gida ce. Nan take na gane. Kamar mai wanki ce ta ɗaura zanin matar gida ta tafi unguwa, zanin na gidan ne, amma ta ciki ba ita ba ce. Na taɓa sanin wadda ta yi haka. Ba ni ba ce.

Mun yi shida, na ci uku. Na tambaye ta ko matar ta haihu lafiya, ta ce labarin bai faɗa ba. Mutanen nan ba sa ƙarasa zance.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya

Malama ta je ganin ƙanwarta. Tela ne ke rubutu, mai shago a bakin ƙofar gidanmu. Ya ce rubutunsa a karkace yake, na ce ai ɗinkinka ma haka ne, mun saba.

Ya cire bandejin hannunsa, wurin ƙunar ya yi fari-fari. Ban tambaye shi ba. Sabuwar ƙofar da aka sa mini tauri gare ta, sai na sa kafaɗa. Bangon da ke bayan inda risho yake an goge shi amma baƙin bai fita duka ba. Rishon kuma ɗana ya tafi da shi, wai gyara. A filas ake kawo mini ruwan zafi kamar mai jego.

Wata mata ta zo gaishe ni, ta ce ita ce ta ranar Asabar, ya ƙafa? Ban san ta ba. Na ce ƙafa lafiya.

Tela, wannan na matar ka bar shi. Ka riga ka rubuta? To.

Lahadi, da yamma. Saura kwana goma sha ɗaya

Malama ta dawo, ita ke rubutu.

Ɗana ya zo. Ya kawo burodi da sabulu. Na fita famfo wanke kofi, na dawo na same shi a durƙushe yana auna gadona da igiyar awon tela.

Na ce me kake yi?

Ya sosa ƙeya. "Aunawa kawai, Inna."

Na ce gadon ya ƙara tsawo ne?

Ya zauna a bakin gadon. Ya ce, "Inna, ki zo wurinmu ki huta sati biyu. Sati biyu kacal. In kin warware ki dawo."

Da a da ne sai in ce to. Amma sai na ji cokali a kaina. Na ce sati biyu ake auna wa gado? Ya ce kullum hankalinsa na kaina, ko tuƙi yake yi. Rannan Malama ta ce in na ji amsa ta ce kullum, ko duka, ko ko sau ɗaya, in yi hattara, sitaci ya yi mata yawa. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga idonsa ya yi ja. Na rufe.

Yanzu ban sani ba. Tarko ne ya ɗana mini, ko gaskiya ce? Malama ta ce ɗa ba tambayar jarrabawa ba ne. To me ya sa ya zo da igiyar awo?

Litinin, da safe

Bakwai cikin goma. Malama ta tafa mini. Lafiyata ƙalau.

Ban san ranar ba. Tela ya ce Laraba ce, ƙarfe goma

Na tashi da sassafe ina neman gawayi in zuba a dutsen guga, kayan gidan injiniya na jira, fararen rigunansa shida, shi kuma ba ya son a makara. Na duba ƙarƙashin gado, babu dutsen. Na buga wa Malama ƙofa na ce wa ya ɗauka. Ta fito da ɗankwali a hannu. Ta ce, "Yaya, gidan injiniya sun tashi shekara tara ke nan."

Na sani. Ai na sani. Ni na ɗaure musu labulaye a kwali.

Ta ce mu yi karatu ko hankalina zai kwanta. Ta karanta labari, ina ji, ina ji, kafin ta kai cokali na huɗu na farko ya gudu. Ta sake. Duk huɗun suka yi kama da juna kamar zannuwan gado bayan wanki. Na kife duka huɗun. Ta ce dole ɗaya ya rage. Na ce to su rage da kansu. Na ce ta kwashe littattafanta ta fita. Ta fita.

Na ɓata mata rai. Tela, kai ka je ka ce mata ban san me ya hau kaina ba.

Laraba, da la'asar

Ta dawo da kanta. Ba mu yi karatu ba. Ta yanke mini farce.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana. Saura sati ɗaya

Na tambayi Malama, shin likitar hankalina take gwadawa ko wayona? Don in wayo ne, na san masu wayo da yawa da bai kamata a bar su su kaɗai ba. Ta ce kunne take gwadawa, ko abin da ya shiga yana zama. Na ce in ya zauna yau, gobe ya tashi fa? Ta ce mu yi na gaba.

A asibiti babu cokali. Ta ce in yi da yatsu a ƙarƙashin mayafi, wanda na kora in lanƙwasa. Ɗan yatsana na uku ba ya lanƙwasuwa sosai tun zamanin matsar barguna. Na ce Allah ya sa kar ƙarya ta faɗo a kansa.

Asabar, da hantsi

Matar ɗana ce ke rubutu, kuma na ce sai ta rubuta wannan ko ba ta so.

Ta zo da abinci ta same mu muna yi. Ta ce, "Haba Inna, wannan ai na 'yan firamare ne." Malama ta ce to bismillah, zauna. Ta karanta na wani mai gyaran takalma da ya tashi daga bakin tasha ya koma bayan makaranta don hayaƙin motoci na sa shi tari. A can ciniki bai kai na tasha ba, amma tarin ya tsaya. Cokali na farko, wai ya bar tasha saboda tari, kuma a sabon wuri cinikinsa ya ƙaru. Ko rufe baki Malama ba ta yi ba, 'yar nan ta ce, "Ita ce!"

Na ce juya ta.

Ta ce, "Na'am?"

Na ce juya rigar ki duba bayanta. Gaba an goge fes, baya ga tabo. Tarin gaskiya ne, cinikin ƙarya ne. Aka ce miki ya ƙaru?

Ta riƙe baki. Mai takardar sakandare guda! Malama ta faɗi a kan tabarma tana dariya. Na ce haka kike karɓar kaya daga mai wanki, ki duba ƙirji ki ce madalla?

(Ni mai rubutu na yarda, Inna ta kama ni.)

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce ɗakin da suka gyara mini an yi masa fenti, shuɗi, kalar da nake so. Na ce tagar ina take kallo? Ta ce katanga, amma akwai iska. Ta ce, "Inna, ba korar ki muke yi daga nan ba. Mu ma tsoro muke ji." Na ce na sani. Ki rubuta na ce na sani.

Tagata nan famfo take kallo. Duk wanda ya zo ɗiban ruwa sai ya ce Inna ina kwana.

Litinin, da yamma

Takwas cikin goma. Biyun da na faɗi duk na gidanmu na ɗauko. Malama ta ce in bar abin da na sani a ƙofar likita tare da takalmina. Shekara saba'in da wani abu ina tara shi, yanzu shi ne ke kayar da ni. Ban gane duniyar nan ba.

Laraba, da rana

Gobe. Ba na jin yunwa. In an ce me na ci, a ce na ci.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Malama ta ce in saurara har ƙarshe, kar in yi tsalle. Na sa farin mayafi. Na share ɗakin, ban san ko don wa ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Huɗu! Malama, rubuta shi da girma. Huɗu cikin biyar.

Likita ta karanta, ni kuma hannuna na ƙarƙashin mayafi ina lanƙwasawa. Na farko na wata mai sayar da kifi ne, aka sako mini mai aron kaya, na gan ta tun daga nesa. Na biyu har na ce, "'Yata, wannan ta ukun gabanta kawai aka goge." Ta ɗago ta ce me? Ɗana ya ce, "Inna, amsa kawai." Ta yi murmushi ta ce a bar ni. A na huɗu na ce ta sake karantawa, ta sake, ba ta yi tsaki ba.

Ta ce zan iya zama a ɗakina. Amma ba ni ba wuta, kuma Malama ta riƙa leƙo ni safe da yamma, kuma in dawo bayan wata uku da littafin nan, za ta karanta shi daga farko. Yau ba ta buɗe ba, layi ya yi mata yawa.

Ni da ɗana muka hau mota. Ya ce, "Inna, kin ci." Na ce na ci. Ya ce, "To fentin fa?" Na ce ku sa baƙi. Ya yi dariya, sannan ya share ido da bayan hannu, wai ƙura.

Tela ya tsayar da keken ɗinki da ya gan mu. Ya ce a ba shi labari. Na ce sai na ba ka amsa huɗu ka zaɓa.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Malama ta tambaye ni wanne ne na faɗi. Jiya na ce na manta. Ban manta ba.

Na biyar ne. Wai wani tsohon kafinta ya fita sayen ƙusa. Da zai dawo ya kai mararraba, ya duba dama, ya duba hagu, ya rasa wace ce hanyar gidansa, a unguwar da ya tsufa a ciki. Ya zauna a kan kwalbati har yamma, sai wani mai gyaran keke ya gane shi ya rako shi. Tambaya, me ya sa ya zauna? Ko yana jiran mai gyaran keke. Ko ƙusa ta soke shi. Ko ya manta hanya. Ko ya gaji yana hutawa.

Mai keke aron kaya ce, na lanƙwasa. Ƙusa ma haka. Saura biyu. Gajiya kuwa labarin bai faɗa ba, ta gida ce, duk tsoho na gajiya. Na gan ta sarai, Malama, yadda kika koya mini. Tarko ne a fili, ko rufe shi ba a yi ba.

Na ce ya gaji ne.

Likita ta ɗago. Ta ce, "Mama, kin tabbata? In sake karantawa?" Na ce a'a, ya gaji ne. Ɗana na zaune a gefena. Mutum da girmansa, da sana'arsa, a ce a gaban yara ya manta hanyar gidansa? Bakina bai iya ba.

Kin ajiye biro. Me ya faru? Eh, na ji, likita za ta karanta. Na san abin da za ta iya rubutawa in ta karanta. Bari in yi tunani.

Ɗauki biron.

Ki ƙara cewa kwalbatin nan zafi gare shi da tsakar rana, ta zani ma sai ya ƙona mutum. Kuma takalminsa ƙafa ɗaya ya ɓace, bai san a ina ba. Kuma duk wanda ya wuce sai ya ga kamar ya san shi, ya buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Kuma can cikin ransa ya san ya bar wani abu a gida da bai kamata a bari ba, amma ya rasa ko mene ne.

Na san labarin bai faɗa ba. Rubuta shi haka. In ta tambaya ina na samo, kar ki amsa mata, kar ɗana ya amsa. Ni zan faɗa da bakina.